Lukiyanu Ɗan Samosata: Yaron Da Ya Fasa Dutsen Kawunsa, Ya Mayar Da Gumakan Girkawa Abin Dariya

Yau za mu yi tafiya mai nisa, mu koma baya da shekara fiye da 1800 zuwa bakin kogin Furatu, domin mu kawo muku tarihin wani marubuci mai suna Lukiyanu, wanda waɗanda suka yi karatun lise suka sani da sunan Lucien. Mutumin nan bai yi sarauta ba, bai kuma ja rundunar yaƙi ba. Jarinsa duka bakinsa ne da alƙalaminsa.

Abin da ya yi suna da shi shi ne ɗauko tsofaffin labarun Girkawa na gumakansu da jarumansu, waɗanda kowa ya sani tun yana goye, ya saƙa sababbin labarai na ban dariya da su, kamar dai yadda kowace kaka take ɗauko Gizo da Ƙoƙi ta ƙara musu nata gishiri. A yau samari da ƴan mata da dama a duniya suna yin irin haka a intanet, su ɗauki taurarin wani fim ko wani littafi su ƙaga musu sabon labari. Lukiyanu yana cikin kakannin wannan sana'a. Sai dai dariyarsa mudu ce, da ita yake auna maƙaryata da masu kwaɗayi da masu damfarar talakawa, har ta kai ga ya kusa rasa ransa a cikin teku.

Haihuwa da ƙuruciya

An haifi Lukiyanu wajen shekara ta 125 miladiyya a birnin Samosata, wanda a lokacin yake cikin lardin Siriya ƙarƙashin daular Rum, a yau kuma yankin yana kudancin ƙasar Turkiyya. Gari ne na mashigar kogi, inda fatake da sojoji suke ƙetare Furatu. Shi kansa yakan kira kansa mutumin Siriya, baƙo a cikin Girkawa, kuma sai da ya yi naci kafin ya ƙware a tsantsar Girkancin littattafai.

Iyayensa masu ƙaramin ƙarfi ne. Kamar yadda shi da kansa ya ba da labari, da ya gama ƙaramar makaranta mahaifinsa ya tara abokansa shawara, suka ga dogon karatu yana cin kuɗɗi da lokaci, gara yaro ya koyi sana'ar hannu ya fara kawo wani abu gida. Tun da ma yakan kankare kakin zumar da ke jikin allonsa ya mulmula shanu da dawaki da mutane, har malamai suna dukansa a kan haka. Saboda haka aka damƙa shi ga kawunsa, ɗan'uwan mahaifiyarsa, wanda sassaƙa gumakan dutse ce sana'arsa.

Ranar farko kawu ya miƙa masa ƙarfen sassaƙa, ya ce ya ɗan daddaki wani faifan dutse a hankali. Yaro ya kai masa sara da ƙarfi, dutse ya dare biyu. Kawu ya raruma sanda ya lakaɗa masa duka. Lukiyanu ya ruga gida yana kuka, ya nuna wa uwarsa shatar sanda, ya ƙara da cewa hassada ce kawai, kawu yana tsoron kada ya fi shi. Uwa ta hau ɗan'uwanta da faɗa.

A daren nan, in ji shi, ya yi mafarkin mata biyu suna jan sa, kowace na cewa nata ne. Ɗaya mai kanta a hannu, jiki duk ƙurar dutse, ita ce Sassaƙa. Ɗaya kuma mai tsabta da kyan tufafi, ita ce Ilimi. Ya bi ta biyun. Bayan shekaru, da ya dawo garinsu da suna da arziki, ya ba da wannan labari a bainar jama'a domin ɗiyan talakawa su ji, kada talauci ya sa su fid da rai da karatu.

Neman abinci da baki

A wancan zamani iya magana sana'a ce mai kawo kuɗɗi. Gwanin magana yakan bi gari gari, a tara masa jama'a a dandali, ya yi jawabi, a biya shi, ɗalibai kuma su biyo shi. Lukiyanu ya yi karatu a biranen Girkawa na gaɓar tekun Turkiyya ta yau, ya taɓa aikin lauya, sannan ya shiga yawo. Ya je Girka, ya je Italiya, ya kai har ƙasar Gol, wato Faransa ta yau, inda ya ce ya samu albashi mai tsoka.

Da ya kai shekara wajen 40 sai ya gaji da hayaniyar kotu da yabon manya. Ya kwashi iyalinsa ya zauna a birnin Atina, ya fara wani sabon salo. Ya ɗauki tsarin hira, wanda malaman falsafa suke amfani da shi wajen zurfafan maganganu, ya haɗa shi da barkwancin wasan kwaikwayo. Har ma ya rubuta wani labari inda Iya Magana ta kai shi ƙara wai ya sake ta bayan ta rufa masa asiri, ita ma Hira ta kai ƙara wai ya sauko da ita daga sama ya sa mata rigar wawan sarki. Alƙalai suka wanke shi. Rubuce-rubuce wajen 80 ne suka iso zamaninmu da sunansa.

Gumaka a tsakar gida

Girkawa da Rumawa na wancan lokaci masu bautar gumaka ne, kuma Lukiyanu ya rayu shekara fiye da 400 kafin zuwan Musulunci. A tatsuniyoyinsu gumakan nan suna zaune a kan dutsen Olimfus, babbansu Zeyus, matarsa Hera. Mawaƙa irin su Homa sun ba da labarinsu da girmamawa. Shi kuwa Lukiyanu ya leƙa tsakar gidansu, ya nuna su kamar kowane gida mai rikici.

Zeyus ya zama maigida mai bin mata, Hera ta zama uwargida mai kishi da ba ta gajiya da mita. Harmis, ɗan aikensu, yana kai wa uwarsa kuka cewa babu wanda ya kai shi wahala: da asuba ya share ɗakin cin abinci, da rana ya yi ta kai saƙo, da dare kowa na barci shi yana raka matattu. Shi wannan Harmis ɗin, tun yana jariri cikin zanen goyo, ya sace mashin wannan, ya zare takobin wancan, wanda ya zo kare shi ma, wato maƙerinsu, ya duba ya ga babu awartakinsa.

A wani labarin, wani matalaucin masani mai suna Manifus ya ɗaura fiffiken gaggafa a dama, na ungulu a hagu, ya tashi har fadar Zeyus. Abin da Zeyus ya fara tambayarsa shi ne nawa ake sayar da alkama a Girka, kuma ko kayan lambu suna bukatar ƙarin ruwa. Daga nan ya kai shi inda yake sauraren roƙon mutane, wasu ramuka ne masu murfi kamar bakin rijiya. Wani na roƙon albasarsa da tafarnuwarsa su yi kyau, wani na roƙon ubansa ya mutu da wuri ya ci gado. Manomi na son ruwa, mai wanki na son rana. Wani matuƙin jirgi na son iskar arewa, wani na son ta kudu. Zeyus ya rasa ta cewa.

Akwai kuma ranar da aka kira taron gumaka, aka ce kowa ya zauna gwargwadon tsadar abin da aka ƙera shi da shi. Sai gumakan baƙi na zinariya suka cinye sahun gaba, ƴan gida na dutse da tagulla aka tura su baya suna gunaguni. A wani taron kuma aka yi ƙorafi cewa baƙin gumaka sun yi yawa, har abin shan fada ya yi ƙaranci, kuɗɗinsa ya tashi. Wanda ya taɓa ganin yadda ake raba kujeru a wurin biki ya san da wa Lukiyanu yake.

Mai fito da littafin bashi

Girkawa sun ɗauka cewa matattu suna ƙetare wani kogi a cikin kwalekwalen wani tsoho mai suna Karon, kuma kuɗɗin fito obol ɗaya ne, wanda ake sa wa gawa a baki. Obol 6 ne suke yin dirakma ɗaya, kuma daga wannan dirakma ne kalmar dirhami ta samo asali.

Lukiyanu ya mayar da Karon ɗan kasuwa mai bashi a wuya. Harmis ya zo masa da lissafi: ƙarfen tsayar da jirgi dirakma 5, igiyar ɗaure matuƙi obol 2, allurar ɗinke ƙyallen jirgi obol 5, kaki da ƙusoshi da igiya dirakma 2. Karon ya amsa bashi, amma ya ce kasuwa ba ta ci, duniya zaman lafiya ake, sai dai a jira annoba ko yaƙi, fasinja su yi yawa, sannan ya biya.

Wata rana kuma Manifus ya shiga jirgi ba ko tamma a aljihunsa. Da aka kai gaɓa Karon ya riƙe shi. Manifus ya ce ai shi ya kwashe ruwan jirgi, ya taya tuƙi, kuma shi kaɗai ne bai yi kuka ba a hanya, in kuma Karon bai yarda ba to ya mayar da shi duniya. Aka buɗe jakarsa, ba komai sai ɗan wake da ragowar abinci. Haka ya ƙetare kyauta.

Saboda jirgin ƙarami ne kuma yana yoyo, dole kowa ya tuɓe kayansa a bakin ruwa. Azzalumin sarki ya ajiye rawani da girman kai, ɗan kokawa ya ajiye tsokar jikinsa, malamin ƙarya aka sa gatari aka sare masa gemu. A can ciki Manifus ya nemi a nuna masa Helen, kyakkyawar da aka yi shekara 10 ana yaƙin Taroya saboda ita, sai aka nuna masa wani ƙoƙon kai cikin tarin ƙasusuwa. Mai sauraro yana cikin dariya sai ya tuna cewa attajiri da ɗan dako jirgi ɗaya za su shiga.

Gwanjon malamai

Wannan labari ƴan kasuwa za su fi jin daɗinsa. Zeyus ya buɗe gwanjo, Harmis ne dillali, hajar kuwa manyan malaman falsafa ne, kowane a hau da shi kan benci kamar yadda ake sayar da bayi a lokacin, masu saye su tambaye shi abin da ya iya. Mina ɗaya dirakma 100 ce, talanti ɗaya kuma mina 60.

Fitagor, wanda ɗaliban lissafi suka san sunansa har gobe, ya tashi a mina 10. Sokrat ya yi tsada, talanti 2. Almajirin Aristo mina 20. Diyojan, mai zagin kowa da yawo da tsumma, aka sallama shi a obol 2, dillali ma murna yake an rabu da ƙaya. Malamin da ke koyar da jin daɗi ya bugu har bai iya amsa tambaya ba, ya yi kwantai. Wasu biyu, ɗaya ba ya daina dariya, ɗaya ba ya daina kuka, su ma babu wanda ya taya. Na ƙarshe shi ne mai shakkar komai, wanda bayan an biya mina ɗaya an saye shi, ya tsaya yana gardamar ko da gaske an saye shin.

Lukiyanu ya biyo da wani labarin inda malaman suka taso daga kabari za su jefe shi. Ya kare kansa da cewa shi da masu kwaikwayonsu yake, masu ajiye gemu da riƙe sanda suna wa'azin raina duniya alhali idonsu na kan aljihun attajirai. Don ya tabbatar, ya sa ɓaure da zinariya a ƙugiya, ya jefa fatsa daga saman ganuwar Atina zuwa cikin gari, sai ga malaman ƙarya suna haɗiya ɗaya bayan ɗaya.

Ƙaryar da ta faɗi sunanta

Littafinsa da ya fi shahara shi ne wanda ya sa wa suna Labarin Gaskiya. A lokacin akwai marubutan tarihi da matafiya masu shara ƙarya suna rantsuwa sun gani da ido. Lukiyanu ya ce shi ma zai yi tasa, amma tun a gabatarwa ya gaya wa mai karatu cewa gaskiya ɗaya ce a littafin, ita ce cewa ƙarya yake yi.

Ya ce sun tashi a jirgin ruwa shi da abokai 50, suka iske tsibiri mai kogin giyar inabi. Guguwa ta ɗaga jirgin sama, suka yi kwana 7 a iska, a na 8 suka sauka a duniyar wata. Suka tarar sarkin wata na yaƙi da sarkin rana a kan wa zai mallaki tauraruwar gamzaki. Mayaƙa suna hawan ungulaye, wasu na hawan ƙuma, kowace ƙuma girman giwa 12. Da suka dawo teku wani ƙaton kifi ya haɗiye jirgin, suka zauna a cikinsa shekara ɗaya da wata 8, har da gonaki da maƙwabta, sai da suka cinna wa dajin cikinsa wuta suka fita. Suka ratsa tekun madara mai tsibirin cuku. A tsibirin jarumai ya sadu da Homa, kuma Odisiyus ya ba shi wasiƙa a ɓoye, kada matarsa ta gani, ya kai wa tsohuwar masoyiyarsa. A wurin azaba kuwa waɗanda suka fi shan wuya su ne marubutan tarihi maƙaryata. Ya rufe da alkawarin ci gaba a littafi na gaba, wanda bai taɓa rubutawa ba. Masana da yawa suna lissafa shi cikin littattafan farko da suka ƙaga tafiya zuwa duniyar wata.

A wani littafin kuma, da ya yi don tsokanar masu son labarin tsafi, akwai wani boka na Masar da kan sa wa tabarya ko tsintsiya riga, ya yi surkulle, ta zama ɗan aike. Abokin tafiyarsa ya laɓe ya ji kalmar. Da boka ya fita, ya umarci tabarya ta ɗebo ruwa. Ta cika randa, ya ce ya isa, ta ƙi tsayawa, don bai san kalmar tsayarwa ba. Ya sa gatari ya raba ta biyu, sai ga ƴan ga-ruwa biyu, gida ya cika da ruwa, sai da boka ya dawo ya kashe wutar. Mawaƙin Jamus Gote ya mayar da labarin waƙa a 1797, kamfanin Disney kuma ya sa shi a fim a 1940.

Karo da boka mai maciji

A garin Abonotaikos, bakin Baƙin Teku, akwai wani mutum mai suna Alekzanda wanda ya ce shi kakakin wani sabon gunki ne. Bisa ga abin da Lukiyanu ya rubuta, mutumin ya sayo wani ƙaton maciji mai lafiya a Makidoniya, ya ɗinka masa kai na ƙyalle mai kama da na mutum, yana buɗe bakin da gashin doki. Ya sa jaririn maciji a cikin ƙwan dinya, ya binne a taɓo, ya tono a gaban jama'a, ya ce gunki ya bayyana, sunansa Gilikon.

Mai tambaya yakan rubuta bukatarsa ya rufe da hatimi. Da dare Alekzanda ya sa allura mai zafi ya ɗaga hatimin, ya karanta, ya mayar, da safe ya ba da amsa. Kowace amsa dirakma ɗaya da obol 2, kuma Lukiyanu ya ƙiyasta yana tara dirakma dubu 70 zuwa dubu 80 a shekara. In wani babba ya rubuta asirinsa sai ya riƙe takardar, ya zama ya kama shi a hannu. Wani babban jami'in Rum mai suna Rutiliyanus, yana ɗan shekara 60, har ɗiyar bokan ya aura. Lokacin yaƙin sarki Markus Oreliyus, bokan ya ce a jefa zakuna 2 a kogin Danub za a ci nasara. Zakuna suka yi iyo suka ƙetare, abokan gaba suka kashe su da kulake, Rumawa kuma suka sha kashi.

Lukiyanu ya gwada shi. Ya rubuta tambayar ina ne garin Homa, ya rufe ta ruf, ya sa yaronsa ya ce ciwon haƙarƙari ne ke damun maigidansa. Amsa ta dawo da maganin shafawa. Ya kuma shawarci Rutiliyanus kada ya yi auren, wanda hakan ya sa bokan ya ƙullace shi. Da ya je garin, Alekzanda ya miƙo masa hannu ya sumbata, shi kuwa ya gantsara masa cizo. Mabiya suka taso za su shaƙe shi, duk da yana tare da sojoji 2 da gwamna ya ba shi rakiya, sai da Alekzanda da kansa ya kwantar da su.

Bokan ya yi kamar an shirya, har ya ba shi jirgi da matuƙa. Suna tsakiyar teku sai Lukiyanu ya ga shugaban jirgin yana kuka yana gardama da yaransa. Ashe an ba su umarni su jefa shi ruwa. Tsohon ya ce ya yi shekara 60 bai zubar da jini ba, yana da mata da ɗiya, ba zai fara yanzu ba. Ya sauke shi a gaɓa lafiya. Lukiyanu ya so kai ƙara, amma gwamnan lardin ya roƙe shi ya bari, domin ko an kama bokan da laifi ba zai iya hukunta surukin Rutiliyanus ba. Ganin mai uwa a gindin murhu ne abokin shari'arsa, sai ya koma ga alƙalami.

Alekzanda ya yi duban cewa zai shekara 150, amma bai kai 70 ba ƙafarsa ta ruɓe ya mutu, kuma wajen jinya aka gano gashin kansa na aro ne. Labarin gunkin ba ƙagen Lukiyanu ba ne: an samu tsofaffin kuɗɗin ƙarfe masu hoton Gilikon, kuma a 1962 an tono mutum-mutuminsa na dutse a birnin Konstanta na ƙasar Romaniya.

Ungulun da aka rantse an gani

A shekara ta 165 Lukiyanu ya halarci wasannin Olimfiya, inda wani malami mai son suna, Faragirinus, ya faɗa cikin wuta da kansa a gaban jama'a. A hanyar komawa mutane suka yi ta tambayarsa yadda aka yi. Masu hankali ya gaya musu abin da ya faru, masu son abin mamaki kuwa ya ƙara musu da cewa ƙasa ta girgiza, wani ungulu ya tashi daga wutar yana magana. Bai jima ba ya iske wani dattijo mai furfura yana rantsuwa cewa da idonsa ya ga ungulun. Duk wanda ya taɓa jin jita-jita ta tashi daga rumfar ƴan tumatir ta dawo masa ta rumfar ƴan atamfa da ƙarin ƙafafu ya san wannan hali. A cikin wannan littafi ne ya ambaci Kiristocin farko, ya ce mutane ne masu taimakon juna matuƙa, amma ɗan damfara kan ci kuɗɗinsu cikin sauƙi.

Tsufa da mutuwa

Lukiyanu ya taɓa rubuta wani littafi yana yi wa masana dariya, waɗanda suke zama ƴan albashi a gidajen attajiran Rum. Ya ba da labarin wani dattijon malami da uwargida ta ba shi riƙon ƴar karyarta a cikin tafiya, har ta haihu a cikin mayafinsa. Sai ga shi da tsufa ya kama shi, shi ma ya karɓi babban muƙami a gwamnatin Rum a Masar, yana tsara shari'o'i da ajiye takardun kotu, da albashi mai yawa. Ya san za a ce laifi tudu ne, don haka ya riga kowa, ya rubuta takardar kare kai, ya jero zargin da za a yi masa da bakinsa, sannan ya ce bautar gidan mutum ɗaya daban, aikin hukuma daban. Mai karatu shi zai yanke ko hujjar ta karɓu.

Ya mutu bayan shekara ta 180. Bayan shekara wajen 800 wani kundin Rumawan gabas mai suna Suda, wanda marubutansa suke jin haushin abin da ya faɗa kan Kiristoci, ya ce wai karnuka ne suka yayyaga shi. Masana tarihi sun ɗauki wannan a matsayin ƙagen masu ƙiyayya, irin ƙagen da shi kansa ya ƙare rayuwarsa yana tonawa.

Abin da ya bari

Duk da haka malaman Rumawan gabas ɗin ne suka yi ta kwafar littattafansa, saboda daɗin Girkancinsa. An fara buga su da injin ɗab'i a birnin Fulorans na Italiya a 1496. A 1506 Erasmus na Holan da Tomas Mor na Ingila suka fitar da fassarar wasu zuwa Latinanci, kuma tasirinsa ya bayyana a rubutun Rabale na Faransa da littafin tafiye-tafiyen Guliba na 1726. Tsohon garinsu kuwa, wanda ake kira Samsat, an tashi mutanensa a ƙarshen shekarun 1980, ruwan madatsar Ataturk ya shanye shi. Amma masana taurari sun sa wa wani ƙaramin rami a duniyar wata sunan Lukiyanu, wato inda ya yi ƙaryar ya je.

Ƴan kasuwa maza da mata, ku ne kuka fi kowa sanin cewa ba a sayen buhu sai an soka an ga ƙwaya. Masu maciji na ƙyalle ba su ƙare ba, sun dai sake riga: mai ninka kuɗɗi, mai maganin kowace cuta a kwalba ɗaya, mai adashin da ba a ganin ranar kwasa. Dabarar Lukiyanu ba ta da tsada. A rufe tambaya da kyau, a ga ko mai gani har hanji zai gani, in kuma ya kasa, a yi masa dariya a bainar jama'a kafin ya kai ga jarin wani.